Yadda Matasa Za Su Dawo da Itatuwa Gonakin Garinsu Ba Tare da Sun Sayi Dashe Ba

Duk shekara da damina ta kankama, sai ka ga ƙungiyoyin matasa sun fito da riguna iri ɗaya, an kawo dashe cike da bayan mota, babban baƙo ya dasa na farko, an yi tafi an ɗauki hoto. Ka koma wurin a watan Maris. In ka yi sa'a ka tarar da ɗaya cikin goma da ransa, sauran kuwa akuya da ƙishirwa sun raba su. Niyya dai mai kyau ce, amma dashe ɗan lele ne, yana son ruwa da shinge da mai kula da shi har tsawon rani biyu, kuma yawancin ƙungiyoyi ba su tanadi ko ɗaya daga cikin ukun ba.

Akwai wata hanya da ta fi wannan arha nesa ba kusa ba, kuma a ƙasar Hausa ta yi suna kafin duniya ta ɗauka. Manoman Maraɗi suna kiranta sassaben zamani. A 1983 wani ma'aikacin gona ɗan ƙasar Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, wanda ya yi shekaru yana dasa itatuwa a yankin suna mutuwa, ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sarewa duk bazara lokacin sharar gona toho ne na tsofaffin itatuwan da aka sare, saiwarsu tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Abin da ake bukata kawai shi ne a daina kashe tohon, a gyara shi, a tsare shi. Bayan shekara ashirin da 'yan kai, masu bincike da hotunan tauraron ɗan Adam sun ƙiyasta cewa an raya itatuwa kusan miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram. Ba gwamnati ce ta dasa su ba. Manoma ne da addunansu.

Ga yadda ƙungiyar matasa za ta yi wannan aikin a garinta, ko a Jigawa ne ko Katsina ko Tawa.

Da farko: ku nemi gona, ku nemi yarda

Ku fara maganar tun da kaka, bayan an kawar da amfani, don kada bazara ta riske ku an riga an share gonakin an banka musu wuta. Kada ku nufi filin gari ko dajin gwamnati a shekarar farko, domin abin da kowa ke da shi babu mai tsaronsa. Gonar gidanku ita ce wurin farawa. Mutum biyar zuwa goma, kowa ya samo yardar mahaifinsa ko wansa a kan gefe ɗaya na gona, ko da rabin eka ne.

Ku sani za ku sha musu, kuma musun nan ba na jahilci ba ne. Dattijo zai ce inuwa tana hana gero yi, itace yana tara tsuntsaye, kuma gonar da aka bar wa tsirrai mutane za su ce mai ita rago ne. Kada ku shiga yi masa lacca a kan ɗumamar yanayi. Ku ce, "Baba, a ba mu wancan gefen na yamma mu gwada shekara biyu. In ya rage maka ko dami ɗaya, da hannunmu za mu sare." Sa'an nan ku tambaye shi a ina hatsi ya fi kyau a gonar. In akwai gawo a ciki, shi da kansa zai nuna muku gindinsa.

Na biyu: ku zaga ku san abin da ke gonar

Ku ɗauki littafi da biro, ku roƙi wani dattijo ko wata tsohuwa mai shiga daji su raka ku, domin da yawa daga cikin 'yan makaranta ba sa bambance geza da taramniya in suna ƙanana. Ku bi gonar layi-layi, duk inda kuka ga cunkuson tsirrai ya fito daga wuri ɗaya, ku tona gindin kaɗan da fartanya. Sau da yawa za ku tarar da baƙin kututture a ƙasa. Ku rubuta sunan itacen da wurin da yake.

Ba kowane za ku bari ba. Gawo shi ne na gaba a cikin gona: da damina yake kakkaɓe ganyensa, don haka ba ya tare wa shuka rana, ganyen ya ruɓe ya zama taki, saiwarsa tana ƙara wa ƙasa ƙarfi, da rani kuma ya yi ganye da 'ya'ya lokacin da dabbobi suka rasa abin ci, su kwanta a inuwarsa su bar kashi. Ana ba da labarin cewa sarakunan Damagaram na da sun sa hukunci mai tsanani a kan duk wanda ya sare gawo. Kalgo da sabara su ne za ku fi samu da yawa, suna saurin tashi, suna tare yashi da iska, su ne kuma za su fara ba ku itacen girki. Magarya da aduwa da kanya da tsamiya da kuka da ɗorawa na ci ne da sayarwa. Kirya da marke katakonsu yana da ƙarfi. Bagaruwa majema suna sayen 'ya'yanta, ɗakwara kuma ita ke ba da ƙaro. Masu ƙaya irin magarya da bagaruwa sun fi dacewa da iyakar gona. A nan ku saurari mata da kyau, su suka san wanda ganyensa ke shiga miya da wanda itacensa ke hayaƙi.

A shekarar farko ku nufi itace 40 a hekta ɗaya, wato kimanin taku 20 tsakanin wannan da wancan. Wasu manoman Maraɗi sun wuce haka sosai bayan sun ga amfanin, amma ku bar mai gona ya ƙara da kansa.

Na uku: sassaben kansa

Nan ne aikin yake, kuma nan ake ɓata shi. Ku wasa adda ko barandami ko lauje sosai. Dakusasshen ƙarfe yana farfasa reshe, ruɓa da ƙwari su shiga.

Ku tsuguna gaban kututturen. A ce kalgo ne mai toho ashirin, duk sun cunkushe suna rabon abinci ɗaya, shi ya sa babu wanda ya wuce gwiwa. Ku duba ku zaɓi uku zuwa biyar waɗanda suka fi tsayi da kauri da miƙewa, marasa rauni ko cin tsutsa, kuma waɗanda suka fito daga can ƙasan kututture, saboda na sama iska tana saurin ɓalle su. Sauran duka a yanke su daf da gindi. Dalilin barin fiye da ɗaya shi ne, in akuya ta ci wannan ko iska ta karya wancan, akwai saura, sa'an nan mai gona yana iya yanke ɗaya duk shekara ya yi amfani da shi ba tare da ya rasa itacen ba. Ga gawo da sauran waɗanda ake so su zama manya, bayan shekara ɗaya ko biyu sai a rage su koma ɗaya.

Waɗanda kuka bari kuma sai a yi musu aski. Ku cire ƙananan rassan gefe tun daga ƙasa har zuwa rabin tsayin sandar, kada ku wuce rabi. Wanda aka aske har kusan kai ba ya da ganyen da zai ciyar da shi, ya yi siriri, iskar farkon damina ta kwantar da shi. Wajen yanka, ku riƙe reshen da hannu ɗaya ku sare shi daga ƙasa zuwa sama. In kuka saro daga sama, reshen zai faɗo ya yago ɓawon jikin sandar, wannan raunin kuma yana daɗewa bai warke ba. Wannan ƙaramin abu shi ne ya kamata kowane sabon ɗan ƙungiya ya gwada a gaban wanda ya iya kafin a sake shi shi kaɗai.

In sandunan sun yi laushi, ku haɗa su ku ɗaure sako-sako da igiyar kalgo ko tsumma don su tallafi juna. Ku ɗaura jan ƙyalle a kan mafi tsayi, alamar cewa wannan da mai shi, ba mantuwa aka yi wajen shara ba. Rassan da kuka yanke kada a ƙone su: ganyen a bar shi a gindi ya rufe ƙasa, masu ƙaya a kewaye tohon da su, masu kauri a kai gida.

Sabon toho zai sake fitowa daga kututturen, don haka ku koma duk bayan wata biyu zuwa shida ku cire shi. Gab da shuka ku ƙara rage rassan da za su yi wa hatsi inuwa. Saboda saiwar tsohuwa ce, ta riga ta kai ga danshi, za ku ga kalgo ko sabara sun wuce tsayin mutum cikin damina biyu ko uku, abin da dashe ba ya yi sai da wahalar ban ruwa.

Na huɗu: tsaro, wanda ya fi sara wuya

A lokacin yunwar 1984, an haɗa sassaben zamani da rabon abinci a ƙauyuka kusan 100 na yankin Maraɗi: ka bar itatuwa a gonarka, a ba ka hatsi. Da aka samu damina rabon ya tsaya, mutane suka sare mafi yawan itatuwan. Waɗanda suka bar nasu ne suka ga amfani, daga gare su abin ya bazu gona zuwa gona. Ya kamata duk ƙungiyar da ke jiran wata hukuma ta biya ta kuɗin alawus kafin ta fita ta yi tunani a kan wannan.

Abin da ya fi kashe wa manomi gwiwa shi ne ya raya itace shekara uku wani ya zo da dare ya sare, ko kuma ma'aikacin gandun daji ya ci shi tara don ya yanke reshe a gonarsa. A Nijar abin bai yi ƙarfi ba sai da manoma suka tabbata cewa itacen da suka raya nasu ne, dokar gandun daji ta 2004 ta ƙara ƙarfafa wannan. Saboda haka ku je wurin mai unguwa ko dagaci da dattijo ɗaya a gabanku, ku ce, "Ranka ya daɗe, mun zo neman albarka da kuma doka." Ku roƙi a kira zama, kuma a zaman nan dole a ga masu gona, da mata masu yin itace, da masu sayar da itace da gawayi, da arɗo ko wakilin makiyaya, da liman, da ma'aikacin gandun daji na ƙaramar hukuma in zai samu.

Kada a mai da makiyaya abokan gaba. Su ne suka fi kowa bukatar 'ya'yan gawo da na kalgo a ƙarshen rani, shanunsu kuma su ke kawo taki da irin itace a kashinsu. Abin da za a daidaita da su shi ne kada a datse kan ƙaramin itace don dabba, ku kuma kada ku toshe burtali da sunan raya daji. Haka mata: in kuka hana su sara ba ku nuna musu inda za su samu na girki ba, dokar ba za ta kwana bakwai ba. Ku ba su rassan aski, ku koya musu yankan, ku sa su cikin kwamiti. A ƙauyen Ɗan Saga da ke yankin Agye a jihar Maraɗi, kwamitin sa ido na gari mai maza da mata da makiyaya shi ya riƙe aikin har baƙi daga wasu ƙasashe suke zuwa gani.

Dokar ta zama gajera, wadda kowa zai iya haddacewa: itace mai ƙyalle ba a taɓa shi sai da izinin mai gona; ba a sa wuta a gona; wanda aka kama a kai shi gaban mai unguwa, tarar kuma a faɗe ta tun yanzu. A yi shela a kasuwa, liman ya faɗa ranar Juma'a. Ku kuma ku raba zagaye tsakaninku, musamman daga Fabrairu zuwa faɗuwar ruwa, lokacin da ciyawa ta ƙare. Ban da duka, ban da ƙwace gatarin kowa. Aikinku ku gani ku kai rahoto.

Na biyar: in ƙasar ta zama faƙo

Wani wurin ya riga ya mutu, ƙasa ta daskare, ruwan sama yana gudu a kanta ba ya shiga. A nan sai an fara kama ruwa tukuna. Dabarar da ta fi sauƙi ita ce tassa, wato ƙananan ramukan shuka masu tare ruwa, wadda Mosawan Burkina Faso ke kira zai. Yacouba Sawadogo, manomin yankin Yatenga da ya rasu a 2023, shi ya inganta ta har ya mai da faƙo daji, kuma a 2018 shi da Rinaudo suka samu lambar yabo ta Right Livelihood. Manoman Illela ta jihar Tawa sun je Yatenga a 1989 suka gano ta suka kawo gida.

Da rani ake haƙa tassa, da diga ko galma. Faɗin rami santimita 20 zuwa 30, kimanin taƙi ɗaya ko fiye kaɗan, zurfinsa 10 zuwa 20, tsakanin rami da rami babban taku ɗaya. Ƙasar da aka fitar a tara ta a bakin ramin ta gefen gangare, don ta tare ruwan da ke saukowa. Layi na biyu ya faɗa a tsakanin ramukan layi na farko, yadda ruwan da ya kuɓuce wa wannan zai faɗa wancan. A zuba busasshen taki cikin hannu ɗaya ko biyu a kowane rami makonni kafin ruwa, a ɗan rufe shi da ƙasa. Gara za ta zo cin takin ta huda ƙasar da ƙananan hanyoyi, ta nan ruwa zai riƙa nutsewa, saboda haka kada ku kashe ta. In ruwa ya sauka ƙasa ta jiƙu, a shuka gero ko dawa a ciki. Duk itacen da ya tsiro daga takin, a bar wanda ya yi daidai da tazarar da kuke so.

Hekta ɗaya tana cin rami dubu 10 ko fiye, aikin gayya ne sosai, don haka ku fara da ɗan yanki. Kuma tassa ba ta yi a jigawa mai yashi, iska za ta cike ramukan, ba ta yi a fadama, ruwa zai kwanta ya ruɓar da shuka.

Inda fili yake da faɗi da ɗan gangare, rabin wata ya fi. A kafa turke, a ɗaura igiya mai tsawon mita 2, a zana rabin da'ira, bakinta a buɗe yana fuskantar inda ruwa ke fitowa. A sassaƙe cikin zuwa zurfin santimita 15 zuwa 25, a jera ƙasar a kan lanƙwasar a daddanna ta, in da duwatsu a ƙarfafa da su. Ana samun kimanin 300 a hekta. In ba ku gane gangaren da ido ba, ku ari tiyon ruwa irin wanda magina ke auna daidaito da shi, ko ku fita bayan ruwan farko ku ga inda ya bi. Rabin watan da aka juya baya ga ruwa aikin banza ne.

Na shida: inda dashe ya zama dole

Harabar makaranta, bakin titi, masallaci, maƙabarta, da unguwannin birni ba su da kututture, nan kam sai dashe. Matasan birni nan ne fagenku. Ku tara ledar ruwan sha da ke toshe kwalbatoci, ku yanke bakinta, ku huda ƙasanta, ku cika da yashi da ƙasa da ruɓaɓɓen taki. Iri mai tauri kamar na gawo da bagaruwa da kuka a zuba masa ruwan zafi a bar shi ya kwana kafin a shuka. A fara reno wata uku ko huɗu kafin damina, a inuwa.

Dogon yaro, wanda wasu ke kira darbejiya ko maina ko bedi, yana da juriya kuma ya dace da titi da jeren tare iska, kamar yadda aka yi a kwarin Majiya ta jihar Tawa tun daga 1975, amma kada a sa shi ko itacen turare a tsakiyar gonar hatsi. A dasa a Yuli in ruwa ya zauna, da yamma, a yage ledar a cire ta gaba ɗaya, a bar ɗan kwari a gindi. A yi shinge ranar da aka dasa, ba washegari ba. Da rani a binne tsohon tulu ko gora mai ƙaramin huji kusa da saiwa a riƙa cika ta. Kowane dashe a rubuta sunan mai shi, ko ɗalibi ko mai shagon da ke kusa. In kuna da masu kula ashirin, ku dasa ashirin, ko da an ba ku dubu kyauta.

A Najeriya jihohi 11 ne ke cikin shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007: Adamawa, Bauci, Barno, Gombe, Jigawa, Kano, Katsina, Kebbi, Sakkwato, Yobe da Zamfara. Ba laifi ku nemi dashe ko kayan aiki a ofishin shirin ko ma'aikatar muhalli ta jiharku, amma ku je bayan kuna da abin nunawa a ƙasa.

Na bakwai: ƙirga da cin amfani

Ku zaɓi wuri ɗaya a kowace gona, kamar gindin wata tsamiya ko kusurwar shinge, ku riƙa ɗaukar hoto da waya daga nan kuna fuskantar gefe ɗaya, sau biyu a shekara: ƙarshen damina da ƙarshen rani. Ƙirgar da ke da daraja ita ce ta watan Mayu, nawa suka tsallake rani. Ku rubuta damin hatsin da aka samu a gefen da kuka yi aiki da gefen da ba ku taɓa ba, ko da sakamakon bai yi muku daɗi ba a shekarar farko, domin da wannan littafin za ku koma wurin Baba.

Daga shekara ta biyu ko ta uku rassan aski sun isa girki, daga baya a samu sandunan rumfa da ƙotar fartanya, da 'ya'yan kalgo da na gawo da masu kiwo ke saye buhu-buhu, wanda yake so kuma ya rataya amya. Amfanin itacen na mai gona ne, a faɗi wannan a fili tun a zaman farko. Abin da ƙungiya za ta iya nema shi ne ɗan kaso daga itacen aski don sayen dutsen wasa da adduna. Wajen yanka kuma a tsaya a kan sanda ɗaya daga kowane kututture a shekara, a bar sabon toho ɗaya ya maye gurbinta. Da kakar shekara ta biyu, ku gayyaci matasan ƙauyen da ke maƙwabtaka da ku su zo gonar da addunansu, a ba kowa kututture ɗaya ya sassabe a gabanku kafin ya koma gida.